Gayyar da Aka Yi wa Jirgina

Ni kafinta ne, ba masunci ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri kada wani ya ɗauka na gaji ruwa. Ƙofa na iya, da taga, da bencin makarantar Islamiyya, da ɗora kwano a kan ɗaki. Jirgin ruwa kuwa sau ɗaya na taɓa haɗa shi a rayuwata, cikin shekarun tamanin, kuma har yau in na tuna da shi sai in ji wuyana ya ɗau zafi.

Ƙauyenmu yana kudu da Bunkure, a bakin tafkin da aka tare don a riƙa sakar wa kanal ruwan noman rani. Kafin a tare shi, wurin fadama ce da ɗan rafi a tsakiya, wanda da rani akuya ma tsallake shi take yi. A ƙetaren fadamar unguwar su Inna take, wato mahaifiyata. Gidajen Maguzawa ne a warwatse a gindin duwatsu, wasu sun musulunta, wasu suna zuwa coci, wasu suna nan yadda suka tarar da iyayensu. Can yayar Inna take zaune, wadda ta goye ta bayan rasuwar uwarsu, mu muna ce mata Iya. A da, Inna takan ci ɗumame ta tafi gaishe ta, ta dawo kafin la'asar. Da ruwa ya cika sai zuwa can ya koma tafiya sosai. Sai ka shiga a-kori-kura ka zaga ta titi, a sauke ka inda hanya ta ƙare, sannan ka taka ta cikin kwazazzabai kusan yini guda. Gwiwoyin Inna kuwa sun riga sun kumbura da sanyin ƙashi, tsakar gida ma da sanda take ratsa ta. Haka shekaru suka yi ta wucewa, tsakanin 'yan'uwan nan biyu sai dai aike.

Wata ranar kasuwar Bunkure, bayan an gama yankan gero, wani jikan Iya ya biyo ta gidanmu da saƙo. Ya ce idanun tsohuwar sun fara dushewa, an sa tozali, an ɗiga maganin asibiti, abin sai gaba yake yi. Ta ce a gaya wa ƙanwarta ta zo, tana so ta gan ta tun tana gani.

Abu na farko da muka gwada shi ne kwalekwalen masunta, waɗanda suka zo suka kafa bukkoki a bakin tafkin tun da ruwa ya kawo kifi. Muka ɗora Inna a kan amalanke har bakin ruwa, muka ciccibe ta muka sa a ciki. Kwalekwalen nan siriri ne, ko tari ka yi sai ya karkata. Mai shi bai gama tura shi da gora ba Inna ta ƙwalla salati ta ƙanƙame wuyan ƙanwata, saura kaɗan su kife gaba ɗaya a ruwan da bai kai cinya ba. Muka fito da ita. Ni ɗan farinta ne, ba ta yi mini magana kai tsaye in ba dole ba, saboda haka ƙanwata ta kalla ta ce, da muryar da ta tabbatar na ji, "Ni fa ba na shiga abin da yake rawa. Da dai ana samun wanda ba ya rawa." Na san da wa take.

Na je Kano na sayo katakon maɗaci, na kafa aiki a ƙarƙashin tsamiyar bakin ruwa. Na yi shi da faɗi, yadda mutum zai miƙe ƙafa a ciki. Tsakanin katako da katako na cusa tsumma da na jiƙa da narkakkiyar kwalta, na bi na shafe, domin wannan ne yake hana ruwa shiga, kamar yadda na ga masunta suna yi wa nasu. Da yake ni ba gwanin tuƙi ba ne, sai na ɗinke buhunan taki na ɗaura a jikin gora na kafa a tsakiya, iska ta riƙa tura mu. Mutanen gari suka sa wa abin suna labule. Duk wanda ya zo wucewa zuwa lambu sai ya tsaya ya ba ni shawara, har waɗanda ko a kanal ba su taɓa wanka ba.

Ranar da na fara sa shi a ruwa bai sha ko ɗigo ba, na ji daɗi. Amma da iska ta bugi labulen sai ya soma gyangyaɗawa, ya kwanta dama, ya tashi ya kwanta hagu, kuma maimakon ya nufi inda na sa gaba sai ya riƙa zamewa a kaikaice. Inna tana zaune a kan amalanke a bakin gaɓa tana kallo. Sai ta yi wa ƙanwata alama a mayar da ita gida.

A nan ne na tuna da wani ɗan jirgin shaƙatawa da na taɓa gani a bakin Tiga, na Turawan da suka yi aikin madatsar. An jawo shi tudu, yana zaune daram a kan wasu dogayen katakai biyu da aka liƙa masa a ƙasa, ɗaya ta kowane gefe, tun daga kusa da kai har wajen gindi. Maigadin wurin ya ce mini su ne suke riƙe ruwa su hana shi gyangyaɗi. Na fafe sauran maɗacin da nake da shi na yi irinsu, na buga su da dogayen ƙusoshi ta ciki, na lanƙwashe bakinsu. Da na jawo jirgin ya zauna a kansu bai karkata ba, wani tsoho ya ce, "Au, takalma ka yi masa?" Shi ke nan sunan ya bi su.

Takalman sun yi aiki, amma ba a banza ba. Da farko na yi su da zurfi ƙwarai, suka riƙa kwasar duk ciyawar da muka bi ta kanta, har na sarƙe tarun wani masunci ya bi ni da zagi har tsakiyar tafki. Na fito da shi na rage su da gizago, na zagaye bakinsu. Daga nan jirgin ya nutsu. In iska ta buge shi sai ya ɗan karkata a hankali ya tsaya a nan, ba ya komawa ɗaya gefen. Zamewar nan ta kaikaice ma ta ragu, har ina iya nufar wata giginya da ke ƙetare in isa kusa da ita. Abin da na biya shi ne nauyin juyawa. In za ka juya shi sai ka fara shiri tun da nisa, kamar mai juya shanun huɗa a ƙarshen gona. Na sa ƙattai biyu suka tsaya a gefe guda suna tsalle a gaban Inna, jirgin ya ɗan sunkuya kawai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa ƙanwata, "Wannan da sauƙi."

Da a makon nan muka tafi, da ba ni da labarin da zan ba da. To amma sanyi ya sauko, kuma sanyi shi ne babban abokin gabar gwiwoyinta, ta ce a bari gari ya yi ɗumi. Ta kuma ce tana so ta ga yana zuwa yana dawowa lafiya tukuna. Na ce wa ƙanwata ta tuna mata idon Iya ba zai jira ɗumi ba. Amsar da ta dawo mini da ita ita ce, ai Allah ne yake riƙe da ido. Na haɗiye. Ana haka tumatir ya nuna, Baba, wato mahaifina, ya shiga ara wa mutane jirgin suna ɗebo kwanduna daga lambunan gefen tafki, daga baya kuma dammunan alkama. In an gama sai a ɗaure shi a wani lungu mara zurfi inda ruwan lambuna yake gangarowa, ruwa mai ɗumi, kore shar, wanda ya ƙoshi da taki. Ni kuma ina can ina bin ayyukan rufi a garuruwa. Jirgin ya yi watanni cikinsa bai ga rana ba.

Da zafi ya shigo Inna ta ce ta shirya. Aka sa rana, ta sa aka daka mata daddawa da kuka na tsaraba. Na ce bari in yi gwaji tukuna. Na ɗaga labule, iska mai kyau ta cika shi, gorar tana ƙara, amma jirgin kamar an ɗaure masa dutse. Na sa filafili na tuƙa har kafaɗuna suka yi tsami. Tun hantsi nake fama, har aka kira azahar ina jiyo ladanin garinmu raɗau, ban kai tsakiya ba. Na duba ciki ko ruwa ya sha, a bushe yake. Sai na tuɓe riga na faɗa ruwa na shafa cikinsa.

Hannuna bai taɓa katako ba. Gansakuka ce ta yi masa gemu, wata tsawonta ya kai kamu, tana reto tana jan ruwa. A ƙarƙashinta akwai wani kauri mai santsi, a ciki kuma ƙananan ƙumba da dodon koɗi sun manne sun yi curi. Inda abin ya fi muni shi ne kusurwar da takalman suka haɗu da cikin jirgin. Nan suka yi gari, tun daga kai har gindi, har ba ka gane inda takalmi ya fara. Abin da na buga don ya kwantar wa Inna da hankali shi ya zama rumfar ƙazanta. Na fito da yatsu a yanke, ina tofar da ruwa ina zagin abin da ba ya ji.

Inna ba za ta iya zaman yini a rana a kan ruwa da gwiwoyin nan ba, wannan ko tambaya babu. Na gwada tsintsiyar kwakwa daga cikin ruwa, ta goge na sama-sama ta bar na ƙasa. Wani masunci ya ce su igiya suke zurawa ta ƙarƙashi, mutum biyu su yi ta ja tana kankarewa. Muka gwada. A nasu mai sulɓi yana yi, a nawa kuwa igiyar sai ta hau kan takalman ta tsallake daidai wurin da cutar take. Dole sai an jawo shi tudu, a ƙarƙashin inuwa, a bi shi a hankali da abu marar kaifi, a ƙara masa kwalta, a mayar da shi ruwa kafin katakon ya bushe. Kwalta ta ƙare mini, kuma ina da rufin wani shago a Kura da na riga na karɓa. Na ce wa Baba zan wuce Kano daga can in sayo, in na dawo in kankare shi. Ya ga yadda raina ya ɓaci, ya ce in je, Allah zai kawo sauƙi.

Aikin Kura ya riƙe ni fiye da yadda na zata. Ranar da na dawo da gwangwanin kwalta a kai, tun daga bakin gari mutane suke yi mini murmushi. Wani ya ce, "Kafinta, ka huta!" Wani ya ce in je in ga abin arziki. A garinmu in mutane suka yi maka irin wannan fara'ar, to sun yi maka wani taimako ne da ba ka roƙa ba.

Jirgin ba ya lungun da ake ɗaure shi. Can na hango shi a kan falalen dutsen da mata suke shanya tumatir, an kife shi, cikinsa yana kallon sama, rana ta bazara tana dukansa. Ya yi fari tas. Baba ya taho da sauri daga inuwa, yana gyara hula, fuskarsa cike da murna.

"Ka gani ko? Gayya na kira maka," in ji shi. "Na ce yaron nan shi kaɗai yake ta wahala, alhali ga mutane. Kowa ya zo da fartanyarsa. Har mai ganga sai da ya zo. Kafin azahar mun gama."

Na sauke gwangwanin a hankali. Na ce, "Baba, da fartanya?"

"Yo da me ake noma? Ciyawa ce fa. Kuma ba sama-sama muka yi ba, sai da muka kai ga saiwa. Wani baƙin datti da ya maƙale tsakanin katakan nan, duk mun sakato shi da bakin lauje, tas. Ka ga tarinsa can."

Na kalli inda ya nuna. Tsummokaran da na kwana biyu ina jiƙawa da kwalta ina cusawa da hannuna, su ne aka tara a gefe guda kamar shara.

"Sannan itatuwan nan biyu da ka buga," ya ci gaba, "su ne maɓoyarta. Muddin suna nan za ta dawo. Mun tumɓuke ɗaya, ɗayan ya ƙi fita, sai ka zo da abin aikinka. Na ce a bar shi a rana ya bushe ƙayau, ko iri ya rage ya mutu."

Na zagaya jirgin. Ko'ina saran fartanya ne, wani wurin har ya ci rabin kaurin katakon. Takalmin hagu yana yashe a ƙasa ya rabu biyu, inda aka fizge shi ƙusoshin sun yage naman itacen sun bar ramuka a jere. Na dama ya tsage yana lilo. Na durƙusa na leƙa ta ƙarƙashi, sai ga hasken rana yana zubowa ta kowace gaɓa, wata ɗan yatsana yana shiga. Katako biyu na tsakiya sun kantare sun ɗaga baki.

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba, kuma babu inda zan sauke shi. Mutumin nan ubana ne. Ya sa an dama kunu, ya sayi goro, ya bi gida-gida ya tara mutane suka bar gonakinsu, duk don matarsa ta ga 'yar'uwarta, kuma don ɗansa ya huta. A iya saninsa babu ciyawar da ta fi ƙarfin fartanya, babu abin da shanya ba ta gyarawa. Yana tsaye yana jiran in ce madalla. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "An gode, Baba. Sannunku da aiki." Daga nan na wuce bayan dutsen na yi ta harbin wata tsohuwar garwa har babban yatsana ya fashe.

Bai gane ba sai da muka sa shi a ruwa washegari, a gabansa, don katakon ya sha ya kumbura. Kafin a ce haka ya cika ya zauna a ƙasa, bakinsa kawai ake gani. Baba ya dubi inda jirgin ya nutse. Can ya ce, "Ashe baƙin nan magani ne." Na ce eh. Daga ranar bai sake zuwa bakin ruwa ba sai da aka daɗe. Wannan ma ya ƙara mini haushi, don yanzu ga shi dole ni ne zan riƙa lallashinsa.

Jiƙon ya rufe ƙananan gaɓoɓin, amma katakan da suka kantare sun tafi ke nan. Sai na sake neman maɗaci, kuma a lokacin katako ya yi wuya, na yi ta zarya Kano ana ce mini in dawo. Kafin in samu, ruwan farko ya sauka. Damina in ta kama, ba mai zancen jirgi. Baba ya tsufa, gonar gero da dawa tana kaina, in na dawo da yamma hannuna ko guduma ba ya iya riƙewa. Ina sata ina yi, yau in cire katako, jibi in fafe sabon takalmi, in toshe ramukan ƙusa da 'yan turaku. Tsakiyar damina na gama. Amma tafkin da kansa ya canza hali. Hadari yakan taso ba sallama, ruwan ya yi baƙi ya riƙa tumbatsa, masunta da kansu gefe-gefe suke bi. Ko da Inna ta ce za ta shiga, ni ba zan sa ta ba.

Jikan Iya ya sake zuwa a cikin daminar. Inna ta tambaye shi idon. Ya ce da sauƙi, tana gane dare da rana. Ya faɗi haka kamar albishir. Daga ranar Inna ta daina tambayar ƙanwata labarin jirgi. Daddawar tsarabar ma aka sa ta a miya. Ina jin haushinta da ta tsaya jiran ɗumi, ina jin haushin Baba da gayyarsa, ina jin haushin gansakuka, da taki, da waɗanda suka tare ruwan tun farko ba su tambayi kowa ko yana da 'yar'uwa a ƙetare ba. Duk wanda na kalla a gidan kuma sai in ga ya fi ni abin tausayi.

Abin da na iya yi kawai shi ne in hana ƙazantar dawowa. Na daina ɗaure shi a lungun nan. Duk Juma'a bayan masallaci sai in jawo shi ƙarƙashin tsamiya ya zauna a kan takalmansa, in kwanta a ƙasa in bi kusurwoyin da sakaina da soso, in watsa masa ruwa, in mayar da shi kafin ya sha iska. Masu zuwa aro na ce musu a'a, har aka fara cewa kafinta ya yi jirgi ya ɗau girman kai. Wani da ya ce in kira su in zan wanke su taya ni, kallon da na yi masa bai sake ba.

Da ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, iska ta daidaita, na ce wa ƙanwata ta gaya wa Inna gobe ne, ba jibi ba, kuma ba na son jin zancen sanyi ko zafi. Ban san yadda ta fassara mata ba, amma da safe na tarar da Inna a zaure da mayafinta da ƙullinta. Baba ma ya fito da sandarsa ya ce zai raka mu. Muka shimfiɗa mata tabarma a tsakiyar jirgin, ta miƙe ƙafafu, ta kama gefe da hannu biyu ta rufe ido tana ta addu'a. Na ɗaga labule. Jirgin ya ɗan karkata, ya tsaya a nan, ya kama hanya sumul, ruwa yana ƙara a ƙarƙashinsa. Can Inna ta buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan. Ta saki hannu guda ta gyara mayafi.

Kafin rana ta yi zafi mun isa gindin giginya. Tukunyar wake ma ba za ta nuna ba a ɗan lokacin da muka yi a kan ruwa. Wannan ya fi komai ci mini rai. Tafiyar da ta cinye mana shekara guda, ashe iyakarta ke nan.

Daga gaɓa zuwa gidan ba nisa, ni da jikan muka ɗauki Inna a kan kujera. Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan buzu tana ɓarar gyaɗa, fuskarta tana fuskantar rana. Inna ta yi sallama. Hannun tsohuwar ya tsaya cak. Ta juyo, amma ba daidai inda muke ba, ɗan gefe kaɗan.

"Wa nake ji haka?" in ji ta.

"Ni ce, Yaya."

"Matso. Matso mana, ina kike?"

Muka sauke Inna a gabanta. Iya ta miƙo hannu tana lalube har ta sami kafaɗarta, ta hau zuwa kumatu, ta shafa goshi, da hanci, da tsagen da ke gefen bakinta. Ta daɗe tana yi.

"Kin rame," ta ce. Sannan ta ƙara, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin farashin kasuwa, "Da kin zo kafin ruwan farko da na gan ki. Har lokacin shuka ina rarrabe mutum da itace."

Baba ya sunkuyar da kai ya kafa wa sandarsa ido. Inna ta ce, "Jirgin ne bai yi lafiya ba, Yaya." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Iya ta tambaya wa ya kawo ta, aka ce ni ne. Ta sa na durƙusa ta shafa kaina ta sa mini albarka, ta ce ashe na yi gemu. Sannan ta riƙe hannuna ta ce, "To kai da kake da ido, ara mini. Dube ta da kyau ka gaya mini. Ta yi furfura?"

Na ɗaga kai na dubi Inna. Ɗankwalinta ya rufe har goshi. Na ce, "Ba ta yi ba, Iya. Sai ɗan abin da ba a rasa ba."

Tsohuwar ta yi dariya ta ce, "Maƙaryaci. Ni da na goye ta, na san shekarunta."

Inna ta sa hannu ta kwance ɗankwalin ta ajiye a cinya, ta sunkuyar da kai ta sa shi a tafin yayarta. Kan fari ne fat, babu baƙi ko ɗaya. Iya ta yi ta shafa shi tana bin kitson da yatsa, tana tambayata, "Fari ne ko? Gaya mini gaskiya, duka ne?"

Na ce, "Duka ne, Iya."